Wata Tara Babu Riga, Yini Ɗaya Leshi Uku



Akwai wani lissafi da ake yi a gidajenmu na Nima da Mamobi wanda na daɗe ina ganin bai tashi daidai ba. Mace tana ɗauke da juna biyu wata tara, kwana 280 a ƙidayar likitoci, suna kuwa yini ɗaya ne. Amma da za a tattara abin da aka kashe wa jikin matar nan na sutura, tun daga ranar da ta fara laulayi har ranar da aka raɗa wa jariri suna, da an tarar kusan dukkansa ya tafi ga yinin nan guda. An fitar da yayi, an yanko leshi, an ɗinka na safe da na yamma da na shiga fili, an sayi takalmi da jaka masu launi ɗaya. Watanni taran da suka gabata kuwa, da me ta yi su? Da rigunan lefe waɗanda aka ɗinka daidai jikinta na amarci, tana barin zif a buɗe ta baya tana rufewa da mayafi, ko da tsohuwar rigar ƙwallon mijinta idan tana cikin ɗaki.

Na san wani zai ce me ya kai namiji, mai furfura ma, ga zancen rigar mai ciki. Abin da ya kai ni shi ne aikina. Ni ke riƙe da littafin zaman sulhu a zauren dattijon unguwarmu, ni ke rubuta abin da kowane ɓangare ya faɗa. Ƙarar kuɗin cefane tana zuwa, ta haya tana zuwa, ta kuɗin makarantar yara ba ta yankewa. Sutura ba ta taɓa zuwa a matsayin kan magana. Sai an gama komai, ana shirin shafa fatiha, sa'an nan uwar yarinya ko gwaggonta za ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ranka ya daɗe, har ta haihu fa ko ɗankwali bai saya mata ba." Mijin kuma yakan ɗago kai da mamaki na gaskiya, ya ce ai shi ya yi kayan suna. Bai yi ƙarya ba, ya yi kayan sunan. Abin da bai sani ba shi ne akwai wani haƙƙi dabam da ya tsallake.

Wanda duk ya zauna gaban malami ya karanta babin nafaƙa, ko a Risala ko a Mukhtasar, ya san tufatarwa tana tafe ne kafaɗa da kafaɗa da ciyarwa da wurin kwana. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora abincin uwa da tufarta a wuyan mahaifin ɗa, gwargwadon abin da aka saba da kuma ƙarfinsa. Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umarni a ciyar da wadda aka saka tana da ciki har ta sauke, malamanmu na Malikiyya kuma sun haɗa da tufa a cikin abin da ake bin mijin, ko da sakin ba na kome ba ne. To idan wadda igiya ta tsinke tsakaninku tana da wannan haƙƙi saboda abin da ke cikinta, ina ga wadda ke ɗakinka tana dafa maka tuwo? Tufa kuwa ba ta cika sunanta sai ta shiga jiki. Rigar da ta ƙi wuce ƙirji ba tufa ba ce ga mai ita a wannan lokaci, ko da guda 20 ne a akwati. Rago da goro da yayi al'ada ce da sunna da neman fita kunyar jama'a, kowanne da matsayinsa, amma babu ɗayansu da ke biyan bashin rigar wata biyar.

Abin da ya rufe bakin kowa a wannan al'amari kunya ce. Mu mutane ne da ba mu kiran ciki da sunansa. Mukan ce tana da juna biyu, ko jikinta ya yi nauyi, ko ba ta jin daɗi. Yarinya mai cikin fari ba ta iya gaya wa mahaifiyarta, balle ta dubi mijinta ta ce rigunana sun matse ni. Ga kuma tsoron baki da ido, wanda ya sa ake ganin sayen wani abu da sunan ciki kamar yi wa ƙaddara gaggawa ne. Ba na cikin masu yi wa wannan ɗabi'a dariya. Tana da kyawunta, kuma ba mu kaɗai muka san ta ba. A birnin New York na Amurka, wata tela mai suna Lena Bryant, wadda ta yi ƙaura daga Lituwaniya, ta buɗe shago a 1904 tana ɗinka wa masu ciki riguna masu roba a ƙugu, amma jaridun garin suka ƙi buga mata talla saboda suna ganin abin kunya ne a ambaci ciki a fili, sai a 1911 ɗaya daga cikinsu ta yarda. Ashe Bature ma ya yi zamanin rufe baki.

Sai dai kunyar da ke hana faɗa dabam, wadda ke cutar da jiki dabam. Yarinyar da ke ɗaure mara tam da zane ko ta cusa kanta cikin siket ɗin da ya ƙi ta don kada matan gidan haya su gane, yawanci ita ce kuma ba za ta je awo ba sai cikin ya fito ya tona kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2016, ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau takwas, na farko kuma ya kasance cikin makonni 12 na farko. A nan Ghana, tun watan Yuli na 2008 aka shigar da awo da haihuwa cikin inshorar lafiya ta ƙasa kyauta. Babban asibitin Mamobi yana nan a tsakiyarmu, da ƙafa ma ana zuwa. A wurin awo ne ake gwada jini, a ba da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da gidan sauro. Wadda ta ɓoye cikinta wata biyar ta yi asarar wannan duka. Ina ganin mijin da ya shigo da yadi shida a wata na uku ya ajiye a bakin gado ya ce a kai wa tela, ya yi magana ba tare da ya buɗe baki ba: ya nuna ya sani, ya yi murna, kuma babu abin ɓoyo a tsakaninsu. Daga nan zancen awo ba ya wuya.

Ya kamata maza su san abin da ke faruwa da jikin da suke cewa ya yi haƙuri da tsofaffin kaya. Wajen mako na 12 mahaifa takan taso ta wuce ƙashin mara, a mako na 20 ta kai cibiya, a na 36 ta kusa taɓa ƙashin ƙirji. Mace mai matsakaicin jiki takan ƙara nauyin da ya kai kilo 11 zuwa 16. Jinin jikinta yakan ƙaru da abin da ya kusa rabi, shi ya sa take jin zafi a lokacin da kowa ke cewa garin da sauƙi. Ƙirji yakan riga ciki cika, haƙarƙari ya buɗe, ƙafa ta kumbura da yamma. Yanzu a ɗora wannan a kan zafin Ankara na watan Fabrairu zuwa Afrilu, mai haɗe da gumin teku, a ɗaki ɗaya mai rufin kwano, taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabci, wuta kuma ta ɗauke. Yawancin matanmu ba a zaune suke ba. Mai koko da ƙosai tana gaban wuta tun kafin kiran assalatu, mai wake da shinkafa tana tsaye har azahar, mai shago a kasuwar Nima tana cikin cunkoson ranar Laraba. Matsattsen yadin roba a irin wannan hali yana kawo ƙurajen zafi a ƙarƙashin ƙirji da matsematsi, yana ƙara ƙaiƙayin gaba wanda dama masu ciki sun fi kamuwa da shi, abin da ya danne ciki kuma yana tsananta ƙwannafi.

Iyayenmu ba su san wani abu wai shi rigar masu ciki ba, kuma ba su wahala kamar 'ya'yansu ba, domin suna da zane. Zane ba shi da lamba. Yadi biyu ne, yau a ɗaura shi a ƙugu, gobe a sassauta, jibi a ɗaga shi sama da ciki, bayan haihuwa ya koma abin goyo, in ya tsufa ya zama shimfiɗar jariri. Da shi da riga mai faɗi ko bubu, an gama. Tsofaffi kuma suna da wata dabara da na ga tana ɓacewa: ba a ɗinke lefe duka. Akan bar turmi biyu ko uku a ƙasan akwati ba a taɓa ba, ba tare da an faɗi dalili ba, kowa kuma ya san dalilin. Yanzu kafin a kai amarya an kwashe komai an kai wa tela, an ɗinka shi ɗamas a jiki, da ƙashi a ciki da zif har wuya, yadda ko tuwo ta ci da yawa sai ya nuna. Wata huɗu da biki, akwati cike, babu abin sawa.

Wani abin da ya canza shi ne goyon ciki. Da, mai cikin fari takan koma gidan iyayenta in ya tsufa, uwa da kaka su ga abin da take bukata tun ba ta faɗa ba. Yau haya ta kori 'ya'yanmu daga Nima. Amarya tana Kasoa ko Ashaiman ko bayan Madina, ita kaɗai daga safe har dare, mai ba ta shawara ita ce wayar hannunta. A can take ganin matan da suka yi ado da doguwar riga mai bin jiki suna riƙe da ciki ana ɗaukar su hoto, ta tura kuɗi ta MoMo, mai babur ya kawo mata abu a leda wanda bai yi kama da hoton ba, kuma ba a mayarwa. A kan wannan hanya ba ni da dogon bayani. Kayan da hannu bai taɓa ba, mai ciki ba ta da dalilin sayensa.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce tsohuwar: a sayi yadi, a kai wa tela na unguwa. Allah ya hore mana masu ɗinki a kowane lungu, maza da mata, har da 'yan uwanmu da suka zo daga Nijar da Mali da Togo da gwanintarsu. Abin da ake nema shi ne auduga. Atamfar GTP, wadda ake bugawa a Tema tun 1966, da ta ATL ta Akosombo, auduga ce, tana shan gumi, tana jure wanki. Sai dai kasuwa ta cika da kwaikwayo masu ɗauke da zane iri ɗaya, wasu har da tambarin, waɗanda ake shigowa da su da araha, kuma a cikinsu akwai masu gaurayen roba. Wadda ke shakka ta zare zare ɗaya daga bakin yadin ta kusanta shi da ashana: auduga takan ci wuta ta bar toka mai laushi da warin takarda, roba kuwa takan narke ta dunƙule ta yi tauri. Ba dole sai mai tsada ba. Yadin auduga mara zane, irin wanda ake sayarwa a Makola da gwajin yadi, ya fi leshi mai duwatsu amfani ga mai wata bakwai nesa ba kusa ba.

Wurin tela kuma a yi magana a fili, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kunya ta hana, a je wurin mace, ko a aiki yaya ko ƙawa. A ce masa ya yanke rigar daga ƙarƙashin ƙirji ta sauka a sake, ya bar yadi a cikin ɗinkin gefe yadda za a iya buɗewa daga baya, ya sa gaba ya ɗara baya tsawo kaɗan domin ciki yana ɗage riga, ya yi hannu mai faɗi. Siket a yi shi da zariya maimakon zif. Abin da aka fi mantawa shi ne gaban riga: a sa maɓalli ko zif daga wuya zuwa ƙasan ƙirji. Rigar da aka yi haka ba ta wata huɗu ba ce. Za ta yi ciki, ta yi kwana arba'in na jego, ta yi shayarwa har yaye, a cikin tiro-tiro ko a layin asibiti, ba tare da uwa ta tattare riga har wuya a gaban mutane ba. In an lissafa, shekara biyu da rabi ke nan a kan yadi shida. Wane leshin suna ne ya taɓa yin wannan aiki? Uku irin wannan, da zannuwa biyu, sun isa: ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a ajiye don fita.

Zan taɓo abaya, ko da wasu ba za su ji daɗi ba. Ta zama abin da mai ciki ke fakewa a ciki, kuma ta fuskar sutura babu abin cewa. Amma yawancin masu arahar da ke rataye a shagunanmu roba ce zalla, baƙa wuluk, an yi su ne don ƙasashen da ake fita daga gida mai na'urar sanyi a shiga mota mai na'urar sanyi. A ɗora doguwar hijabi ta roba a kai, a tsaya a rana ana jiran mota a bakin titin Nima, sai jiri. Shari'a ta ce a rufe jiki, ba ta ce da leda ba. Tela zai iya fitar da abaya da hijabi daga auduga mai sauƙi, mai launin da ba ya jan rana. A kuma rage tsawon ya tsaya a idon sawu, domin mai wata takwas ba ta ganin ƙafarta, lungunanmu kuwa kun san su: gwata a buɗe, katako a kan rami, matakala ba daidai ba, ga santsi in damina ta sauka a watan Mayu da Yuni. Takalmi ma haka, mara tsini, mai kama ƙasa, a gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta cika. A nan akwai abin da ya fi zancen ado: kumburin ƙafa da yamma abu ne da aka saba, amma idan zobe ya ƙi fita, fuska ta kumbura, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan ba na tela ba ne. Alamar hawan jinin ciki ce mai kai wa ga jijjiga, a tafi asibiti a ranar.

Gwanjo fa? Ba na raina shi, ya rufa wa da yawanmu asiri. Kantamanto, wadda gobara ta cinye mafi yawanta a daren 1 ga Janairu zuwa wayewar 2 ga wata a 2025 kuma 'yan kasuwa suka sake tayar da ita, tana da riguna masu faɗi na auduga ga wadda ta iya zaɓe kuma ta yi sammako. A duba hammata da zif da robar ƙugu, a wanke, a shanya a rana, a goge. Amma ban da kayan ciki. Dokar ƙasar nan ta hana shigo da ɗan kamfai da makamantansa na gwanjo tun 1994, ko da yake ana ganinsu a kan tebur. Rigar mama da ɗan kamfai a saye su sababbi, na auduga, kuma kada a tara da yawa a wata na uku domin awon zai sake canzawa kafin haihuwa. Mai wata bakwai kuma ba ta da abin yi a cikin turmutsutsun Kantamanto. Ƙanwa ko ƙawa ta je mata.

Na san amsar da ke bakin maza: babu kuɗi. Gaskiya ne an sha wuya. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin ɗari, kuma abin da ya hau bai cika saukowa ba. Mai gadi da direba da mai tura baro ba su da rarar da za su yi wasa da ita. Da wanda ba shi da shi nake magana, da na yi shiru, Allah ma bai ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma mutumin da ya ce babu a wata na biyar, shi ne za ka gani ya ci bashi a wata na tara don a kafa rumfa a tare hanya, a ɗauko masu kiɗa, a yi liƙi. Kuɗin bai ɓata ba, an ajiye shi ne don ranar da mutane za su gani.

Kuma kada iyayenmu mata su ce laifin na maza ne kaɗai. Ba namiji ke zaɓen yayi ba. Ƙungiyoyin mata da ƙawaye su ke yanke wane yadi za a saka da nawa za a sayar, su ke ƙirga wadda ta saya da wadda ba ta saya ba, su ke riƙe da littafin biki. Mace mai ciki da kanta takan hana kanta riga don ta tara na yayin wata, saboda tsoron kada ranar nata a ƙi fitowa. Waɗannan ƙungiyoyi suna da ƙarfin da dattawa ba su da shi a wannan fage. Da za su yanke cewa duk 'yar ƙungiyar da ta kai wata biyar za a cire mata turmi ɗaya da kuɗin ɗinki daga abin da dama za a kai mata ranar barka, da babu wadda ta ƙara ko sidi ɗaya, lokacin bayarwa kawai aka matso da shi. Masu tsoron baki su kai da dare, a leda baƙa, ba sai an yi guɗa ba. Maƙwabtanmu Ga da Asante suna sa fararen kaya bayan an sauka lafiya, alamar an yi nasara a kan haɗari, kuma abin yana da kyau a ido. Mu ma muna da namu adon na suna, ban ce a bari ba. Leshi ɗaya ya isa mai jegon da ko zama ba ta iya yi sosai, wadda za a tayar sau uku a yini ta canza kaya jariri yana kuka.

Akwai kuma takardar da ake ba mai ciki a wurin awo, ta kayan da za ta zo da su ranar haihuwa, kuma zannuwa suna ciki. Inshora tana biyan awo da karɓar haihuwa, ba ta sayen zane. Sau da yawa sai naƙuda ta tashi tsakar dare ake bin ɗakunan gidan haya ana aron tsofaffin zannuwa, mijin yana tsaye a waje da waya a hannu. Zannuwan da aka saya a wata na biyar, aka sa su aka wanke har suka yi laushi, su ne daidai wannan jaka, domin sabuwar atamfa mai tauri ba ta dace da fatar jariri ba. A wanke su, a ninke, a sa a jakar tun wata na takwas, a ajiye ta inda kowa a gidan ya sani, tare da katin inshora da littafin awo a aljihun gaba.

Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, ya raya abin da aka samu.